Me Ya Sa Mutum Ɗari Za Su Taru a Bakin Teku Saboda Mujiya Ɗaya?

Wani yammaci muna zaune a majalisarmu da ke wajen Wunti a cikin garin Bauchi, ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, don Allah duba wannan, ko kai za ka gane abin da suke yi." Gajeren bidiyo ne da ke yawo a WhatsApp. Turawa ne sun yi sahu a kan rairayin bakin teku, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, wasu riƙe da kyamarori masu dogon baki kamar taɓarya, wasu da madubin hangen nesa, ba mai cewa uffan. Can gaba a kan wata jigawa ga wani farin abu a zaune kamar tulin auduga. Mujiya ce. Waya ta zagaya hannu-hannu ana ta dariya. Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Ƙoshi ne, Malam. Sai wanda ya ci ya ƙoshi yake zuwa kallon mujiya." Wani kuma ya ce shi ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai tsaya ya haɗa ido da ita ba.

Ban ja da su ba a ranar, amma maganar ta zauna mini a rai, domin na yi shekaru ina bin tsuntsaye da ido da kunne, kuma na san cewa bayan wancan sahun na bakin teku akwai dogon labari. Labarin kuwa yana da reshe da ya iso har bakin kogin Gaji na dajin Yankari da cikin silin gidajenmu.

Tsuntsuwar da ke cikin bidiyon ita ce farar mujiyar ƙanƙara. Gidanta can ƙuryar arewacin duniya ne, yankin da ake kira Aktik: arewacin Kanada, Alaska, Girinlan da arewacin Rasha. Fili ne fetal, ba bishiya ko ɗaya, sai gajeriyar ciyawa da ƙanƙara. A ƙasa take saka ƙwai a kan ɗan tudu, nauyinta kan kai kilo biyu, macen ta fi namijin girma, kuma da rana tsaka ma tana farauta, tunda a can lokacin zafi rana kan yi makonni ba ta faɗi ba. Babban abincinta wani ɗan ɓera ne mai gajeren wutsiya da ake kira lemin. Yawan wannan ɓera hawa da sauka yake yi, duk bayan shekara uku zuwa biyar sai ya yi ambaliya, sannan ya ɓace kamar an share. Shekarar da ya yi ambaliya mujiya ɗaya kan saka ƙwai har goma ko sha ɗaya. Shekarar da ya yi ƙaranci kuwa takan fasa yin sheƙa ɗungurungum.

An daɗe ana zaton yunwa ce ke koro su kudu. Da aka riƙa kama su ana aunawa, sai aka tarar yawancinsu 'yan shekarar farko ne, kuma da dama da ƙibarsu. Ashe yalwa ce sanadi. A 2013 lemin ya cika arewacin Kwibek ta Kanada, har aka ɗauki hoton wata sheƙa da iyaye suka kewaye ta da gawar ɓeraye fiye da 70 tun ƙwai bai ƙyanƙyashe ba. 'Ya'ya suka rayu da yawa, sanyi ya shigo, ƙananan suka bazu neman wurin farauta. A hunturun 2013 zuwa 2014 suka malalo gabashin Amurka, wata ta kai jihar Fulorida, aka kuma ga wasu a tsibirin Bamuda da ke tsakiyar teku. Manomi zai fahimci wannan da sauƙi: shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar da jan baki ke yi wa gero taron dangi.

To me ya kai ta bakin teku, ba ta nufi daji ba? Tsuntsuwar da ta tashi a inda babu bishiya ba ta sakin jiki a kurmi. Idan ta sauko kudu, wurin da ya yi kama da gida take nema, watau buɗaɗɗen fili da ɗan tudun da za ta hau ta hangi ko'ina. Jigayin rairayi na gaɓar teku sun cika wannan sharaɗi. Teku kuma katanga ce, tsuntsun da ke tafiya idan ƙasa ta ƙare masa sai ya bi gaɓa, shi ya sa baƙin tsuntsaye iri-iri suka fi taruwa a can. Ga kuma agwagin ruwa da take kamawa da dare. Wannan dalili ne ya sa take son filin jirgin sama. A filin jirgi na Logan da ke Boston, wanda ke daf da teku, akwai wani mai suna Norman Smith da ya fara kama su tun 1981 yana kai su wani bakin tekun mai nisa ya saki, don kada su yi karo da jirgi. A wancan hunturu na 2013 kaɗai ya kama fiye da 100.

Yadda labari ke bazuwa shi ne abin da ya sauya a zamaninmu. A da sai dai a yi ta buga wa juna waya. Tun 2002 sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell ya buɗe eBird, wata taska a intanet inda kowa zai saka abin da ya gani, da wuri da lokaci. Idan baƙuwa ce, sanarwa ta shiga wayoyin waɗanda suka yi rajista a yankin. Ranar 27 ga Janairun 2021 farar mujiya ta sauka a filin wasa na Central Park da ke tsakiyar birnin New York. Rabon da a rubuta ganin irinta a wurin tun 1890, shekara 130 ke nan. Kafin rana ta yi tsaka wuri ya cika da jama'a, ma'aikata na tsare da shinge. A ƙarshen Disambar 2022 wata ta bayyana a kan rufin gidaje a garin Cypress na kudancin Kalifoniya, ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba, ta yi makonni mutane na zuwa daga jihohi masu nisa.

Amma ganin ido ɗaya ba ya zama tarihi haka kawai, kuma nan ne sashen da ya fi burge ni. Duk Musulmin Arewa ya san abin da ke faruwa daren 29 ga Sha'aban. Mutum ya ce ya ga jinjirin wata, ba a karɓa sai an zaunar da shi: ƙarfe nawa ka gan shi, ta wane ɓangare, ina ƙahonsa ya fuskanta, su wa ke tare da kai? Sai labari ya bi ta hannun hakimi da sarki har ya isa fadar Sarkin Musulmi. Masu bin tsuntsaye ma suna da kwatankwacin wannan. Ƙasashe da yawa suna da kwamitin tantance baƙin tsuntsaye, na Birtaniya tun 1959 yake aiki. Tambayoyinsu ba su da nisa da na masu ganin wata. Nisan da ke tsakaninku nawa ne? Rana tana bayanka ko tana gabanka? Da me ka bambance ta da 'yar uwarta mai kama da ita? Akwai hoto, akwai muryar da ka naɗa? Ka taɓa ganin irinta? Mutum mai gaskiya yana iya yin kuskure, farar leda a kan tudu ta sha ruɗar ƙwararru, don haka ba a ɗaukar tambayar a matsayin ƙaryatawa.

Idan an tabbatar ita ce, saura tambaya ta biyu wadda ta fi wuya: da fikafikanta ta zo? Wata daga keji ta kufce, kamar ƙatuwar mujiyar nan da ake kira Flaco wadda ta fice daga gidan namun daji na New York a Fabrairun 2023 ta yi shekara guda tana yawo a birni. Irin wannan ba a lissafa ta cikin baƙin da suka zo da kansu. Wata kuma jirgin ruwa ne ya yi mata dako. Ta gaji a tsakiyar teku, ta sauka a kan jirgin kaya, ta zauna har ya iso tasha. A Nuwamban 2021 aka ga fararen mujiyoyi a gaɓar arewacin Sifaniya, yankunan Asturiyas da Kantabiriya, abin da ba a taɓa rubutawa a ƙasar ba, kuma masana da yawa sun karkata ga cewa jirgin ruwa ne ya ɗauko su daga ɓangaren Kanada. An yi irin wannan zato game da ta Kalifoniya, saboda manyan tashoshin jiragen ruwa da ke kusa. Wani zai ce mene ne abin wahalar da kai. Amfaninsa shi ne, idan aka cakuɗa wadda ta zo da kanta da wadda aka kawo, taswirar ƙaurar tsuntsun ta gurɓace, wanda zai karanta ta bayan shekara hamsin ya gina bincikensa a kan rairayi.

Bin sawun ya wuce na ido. A lokacin malalowar 2013 wasu masana suka kafa shirin Project SNOWstorm, suna ɗaura wa mujiyar wata 'yar na'ura a baya kamar goyo, nauyinta kusan giram 40, tana caji da hasken rana, tana turo inda tsuntsuwar take ta layin wayar salula. Da ita aka gano cewa wadda ake gani tana gyangyaɗi a jigawa da rana, da dare teku take shiga tana farautar agwagi, wasu kuma suna yin makonni a kan ƙanƙarar da ta daskare bisa manyan tafkuna. Irin wannan bibiya ta tona wani abu mai tayar da hankali. Da ana ƙiyasta yawansu da dubu ɗari biyu ko fiye. Da aka ga yadda tsuntsuwa ɗaya ke yin sheƙa bana a nan, baɗi a wani wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita, sai aka gane ana maimaita ƙirga guda ne. Sabon ƙiyasi bai kai manya dubu 30 ba a duk duniya, kuma a 2017 ƙungiyar IUCN mai kula da jerin halittun da ke cikin haɗari ta saka ta cikin masu rauni. Saboda haka hoton da ɗalibi ko tsohuwa ta ɗauka a bakin teku, da kwanan wata a jikinsa, yana shiga cikin lissafin da ake yanke hukunci da shi.

Sai dai son ma yana da nasa ɓarnar. Mujiyar da ke zaune da rana hutawa take yi. Duk wanda ya matsa kusa har ta tashi, ya sa ta kashe ƙarfin da take tattali, ya kuma tona ta ga hankaki da shaho. Idan mutum talatin suka yi mata haka a wuni ɗaya, kowa na ganin sau ɗaya ne kawai ya yi, ta wuni ba ta runtsa ba. Akwai masu ɗaukar hoto da ke sayo ɓera su jefa mata don su samu hotonta tana kawo sura, har ta saba da mutane da bakin titi, mota ta zo ta buge ta. Wannan ya raba kan masu bin tsuntsaye gida biyu. Wasu sun ce a ɓoye wurin. Ita kanta eBird tun 2017 ta fara ɓoye takamaiman inda aka ga wasu nau'o'in da ake gudun a cutar da su. Wasu kuma sun ce ɓoyewa son kai ne, yaron da bai taɓa ganin abu ba yaya za a yi ya girma yana kare shi? Ni ina ganin kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, kuma wurin ne ke yanke hukunci. Wadda ke buɗaɗɗen fili inda za a tsaya daga nesa, da ma'aikaci a tsaye, a bar mutane su gani. Wadda ke kan ƙwai ko a kogon bishiya, bakin mutum alekum.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne namu gidan. A can, abin da ake tsoron ya kashe mujiya shi ne yawan masoya. A nan, tun kafin ta gama sauka an ɗauko dutse. Ina yaro aka ciro wata daga silin wani gida a unguwarmu, da 'ya'yanta huɗu masu farin gashi kamar kaɗa. Manya na tsaye yara suka gama da su, ana cewa mayya ce ta zo ɗaukar kurwar mara lafiyan da ke gidan. Har yau ina tuna yadda uwar ta kwanta rigingine ta ɗaga ƙafafu tana huci. Na fahimci inda tsoron ya samo asali. Mujiyar rufi, mai farar fuska kamar faranti, ba ta yin kuka mai daɗi, ƙara take yi mai tsaga dare, 'ya'yanta kuma idan suna roƙon abinci sai ka rantse numfashin mai jinya ne a saman ɗaki. Tana tashi ba a jin motsin fikafikanta. Idonta ba ya juyawa a gurbinsa, don haka wuya take murɗawa har kashi uku cikin huɗu na da'ira, saboda ƙashin wuyanta 14 ne, namu 7. Duk halitta ce ta farautar dare, amma ga wanda ya farka ƙarfe biyu da mara lafiya a gefensa, bayani ba ya zuwa da wuri.

Abin mamakin shi ne addininmu ya riga ya kashe wannan camfi. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi da tsuntsu, ya kuma ambaci "hama" da sunanta. Malamai da dama sun fassara hama da mujiya, domin Larabawan jahiliyya sun yi imani cewa idan ta sauka a kan gidan mutum mutuwa take sanarwa. Abin da aka soke shekara fiye da 1,400 da suka wuce, shi muke riƙe da shi a Bauchi da Gombe, kuma da wuya ka ji an taɓo shi a wa'azi. Mu ɗin nan ne fa muke girmama shamuwa, ta yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gida ba mai taɓa ta, muna cewa ta zo da labarin damina. Ashe bin sawun tsuntsu da lura da lokacin zuwansa ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe.

Ko a harshenmu akwai lura mai kyau da muka binne cikin zagi. Idan an ware mutum ana tsangwamarsa sai mu ce an mayar da shi mujiya. Wanda ya fara faɗin haka ya zauna ya kalli daji: da ƙananan tsuntsaye sun gano mujiya a maɓoyarta da rana, sai su taru a kanta suna ihu suna kai mata sura har ta bar wurin. Masu bin tsuntsaye a ko'ina cikin duniya da wannan hayaniya suke gano inda take. Ka ji tsuntsaye sun rikice a kan reshe ɗaya, ko maciji ne ko mujiya.

Yankinmu na Afirka ma yana da nasa mujiyoyin da duniya ke nema ruwa a jallo, kuma sun fi ta ƙanƙara wuyar gani nesa ba kusa ba. A Oktoban 2021 wasu masana biyu, Joseph Tobias da Robert Williams, suka yi kiciɓis da wata ƙatuwar mujiya a dajin Atewa na ƙasar Gana. Tun 1872 aka san da irinta, amma ba a taɓa samun tabbataccen hotonta a daji ba sai ranar, kuma daƙiƙoƙi kaɗan ta ba su. Wanda ya fi taɓa ni kuwa shi ne na tsibirin Firinsife, can cikin teku kudu da gaɓar Najeriya. Wani mutumin tsibirin da ake yi wa laƙabi da Bikegila sana'arsa hawa bishiya ce yana ɗebo 'ya'yan aku don sayarwa. Shi ya shaida wa masu bincike cewa ya taɓa leƙa kogon bishiya ya tarar da wata 'yar mujiya maimakon aku. Ya shiga gaba suka yi ta bin kukanta a kurmi, a 2016 aka samu hotonta, a 2022 aka tabbatar sabon nau'i ne da kimiyya ba ta san da shi ba. Duk duniyarta kusan murabba'in kilomita 15 ce. Aka raɗa mata sunansa, shi kuma ya bar kamun aku ya koma aikin gadin dajin.

Mutum nawa muke da su irinsa? Masuncin da ke kwana a kan ruwa a Dadin Kowa, mafaraucin Alkaleri, Bafulatanin da ke ratsa dajin Lame-Burra da shanu, mai yankan zuma, kowannensu ya san kukan dare da ɗan jami'a bai taɓa ji ba. Ba mai tambayarsu, su ma ba su san cewa abin da suka sani yana da daraja a wajen wani ba.

Kuma akwai abin nema. Yankari mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 tana da nau'in tsuntsaye fiye da 350, cikinsu har da mujiyar kamun kifi, wadda a littattafai ake jingina ta ga Pel, wani gwamnan Holan a gaɓar Gana ta yanzu, aka kuma bayyana ta a 1850. Ja ce kamar jan ƙasa, tsayinta ya kai kusan ƙafa biyu, idonta baƙi wuluk, ƙafarta ba gashi, tafin ƙafar kuma da kaushi don kada kifi ya sulluɓe. Da dare takan hau reshen da ya sunkuyo kan ruwa mai tafiya a hankali, ta jira tarwaɗa ko karfasa ta taso. Gurnaninta ana jiyo shi daga nesa sosai. Masu bin tsuntsaye na biyan kuɗi mai yawa su je Botsuwana ko Zambiya don ita, alhali tana cikin jerin tsuntsayen kurmin bakin Gaji. Abin da take bukata kaɗan ne amma ba ya musanyuwa: manyan bishiyoyin bakin kogi, su maɗaci da ɓaure da kanya, da ruwa mai kifi. Aka sare su aka yi gawayi, ta tafi ke nan, ba wanda zai ma san ta taɓa zama.

Hanyar rubuta abin da aka gani ma akwai ta a ƙasar nan. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, maƙwabtanmu, ta fara shirin taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, ɗan sa kai ya shiga ya rubuta duk abin da ya gani ko ya ji ta manhajar BirdLasser. Akwai tawagar matasan Arewa a cikin aikin. Sai dai mujiya ce ta fi kowa faɗuwa a irin wannan ƙidaya, domin da rana ake fita, kuma halin tsaro ya sa ba kowane daji ake shiga bayan magariba ba. Wurare kamar tafkin Maladumba na Misau, wanda aka saka cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008, suna bukatar kunnen mutumin da ke kwana a gefensu.

Nan ne darasin bakin teku ya shafe mu kai tsaye, har ya fi shafar su. Idan Allah ya sa ka ga baƙuwar mujiya, kada ka saka hoton a Facebook da sunan ƙauye da bishiyar. Mu ba taron masu kyamara za ka jawo mata ba. Yara masu danƙo za ka jawo, da masu kai kawunan tsuntsaye da ƙafafunsu kasuwa don 'yan tsibbu, cinikin da ya riga ya kusa ƙarar da ungulu a garuruwanmu. Ka ɗauki hoto daga nesa, ka naɗi kukan da waya, ka rubuta rana da lokaci da irin bishiyar, ka tura wa masu taswira. Idan a daji mai gadi ne, ka gaya wa ma'aikatan. Ga sauran jama'a sunan ƙaramar hukuma ya isa.

Ga dattijon da ya ce ƙoshi ne, ina da amsar da ta shafi rumbu. Mujiyar rufi da mijinta da 'ya'yansu suna cinye ɓera fiye da dubu a shekara. A Isra'ila da Jodan manoma na kafa mata akwatuna a gonaki, a Malesiya ma haka ake yi a gonakin kwakwar manja, don ta rage musu kuɗin guba. A Afirka, cikin ɓerayen da ta fi ci akwai ɓeran nan mai yawan nonuwa, wanda shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, kuma Bauchi na cikin jihohin da cutar ta fi addaba duk rani. Mujiya ba za ta maye gurbin rufe abinci da tsafta ba, amma mai gadi ce da ba ta karɓar albashi. Muna kashe ta da dutse, muna kuma kashe ta da shinkafar ɓera, domin ɓeran da ya ci guba yana tangaɗi shi ne mafi sauƙin kamu a wurinta.

Bayan kwana biyu ɗan yayan nawa ya same ni a gida. "Kawu, wai da gaske akwai ta a unguwar nan?" Na ce akwai, amma sai ya yi mini alkawarin ba zai kai abokansa ba, ba kuma zai haska ta da fitila ba. Bayan sallar isha'i muka tsaya a bayan wani kangon gini, nesa kaɗan. Mun kusa rabin awa sauro na cizonmu kafin wani farin abu ya fito ta tagar sama ya wuce kanmu ba ko sauti. Na ji ya riƙe mini hannun riga. Da safe muka koma muka tsinci curin gashi da ƙashi da take amayarwa a gindin bango, guda shida. Ya sa leda a hannu, ya farfasa su da tsinke a kan kwali, ya jera ƙoƙon kan ɓera goma sha ɗaya. Ya buɗe littafinsa ya rubuta kwanan wata da adadin, da ya zo wajen wuri ya ɗago ya dube ni, sannan ya rubuta "Bauchi" kawai.